Surukata tana roƙon Maryamu, shin bautar gumaka ce?

Tambaya: Baba, ni 'yar ECWA ce, wanda zan aura kuwa ɗan Katolika, har an sa rana. Kullum da dare mahaifiyarsa takan tara 'yan gida gaban ɗan mutum-mutumin Maryamu, a kunna kyandir, a ja carbi ana roƙon Maryamu ta yi musu addu'a. Wata a zumuntar mata ta ce mini bautar gumaka ce tsagwaronta. Haka ne? In na tare, in durƙusa tare da su ko in ƙi?
Mai karatu daga Kafanchan

Amsa: 'Yata, waccan baiwar Allah ta yi gaggawa. Ni ma ba ɗan Katolika ba ne, amma ba na son a ɗora wa mutum maganar da bai faɗa ba. Ki kasa kunne ga abin da surukarki ke maimaitawa: cewa take Maryamu ta yi addu'a domin masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwa. Ba ta ce Maryamu ta gafarta mata ba. A koyarwar Katolika sujada ta Allah ce shi kaɗai, tsarkaka kuwa girmamawa ake yi musu, kuma tun babban taron bishop-bishop na biyu a birnin Nikiya a shekarar 787 aka rarrabe waɗannan biyun.

Ga hujjarsu. Ke ma in ciwo ya kwantar da ke, kikan aika wa fasto ko 'yan mawaƙa su sa ki a addu'a. Ɗan Katolika zai ce, to wanda ya mutu cikin Almasihu ai yana raye a gaban Allah, me zai hana a roƙe shi haka? Sukan kawo Yakubu 5:16 kan ƙarfin addu'ar mai adalci, da Wahayi 5:8 inda dattawa ashirin da huɗu ke riƙe da tasoshin zinariya cike da turare, wato addu'o'in tsarkaka. Akwai kuma Makabi na biyu sura 15, inda aka ga annabi Irmiya yana roƙo domin jama'a bayan ya daɗe da mutuwa. Kada ki wahalar da kanki nemansa a Littafi Mai Tsarki naki: naki littattafai 66 ne, nasu 73, Makabi yana cikin bakwai ɗin da suka ɗara. Babban taron bishop-bishop na Katolika a birnin Trent a 1563 ya ce roƙon tsarkaka abu ne mai kyau da amfani.

Mu kuma a namu ɓangaren, 1 Timoti 2:5 muke riƙe da ita: matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, Yesu Almasihu. Ibraniyawa 4:16 ta ce mu matso gaban kursiyin alheri gaba gaɗi. Martin Luther kansa, jagoran Furotesta na farko, da tsawa ta rutsa da shi a hanya a 1505, Ana mai tsarki ya kira, wadda al'adar coci ta ce ita ce mahaifiyar Maryamu, ya yi mata alkawarin shiga gidan sufaye. Shekara 25 bayan haka mabiyansa suka rubuta a shaidar bangaskiyarsu ta birnin Augsburg cewa a tuna da tsarkaka, a yi koyi da bangaskiyarsu, amma Nassi bai koya mana kiransu ba. Angilikan ma sun yi watsi da kiran a ƙa'ida ta 22 cikin 39 ɗinsu, duk da majami'unsu cike suke da sunayen su Bitrus da Bulus.

Asalin saɓanin ke nan: shin wanda ya rasu yana jin mai kiransa daga Kafanchan, kuma an umarce mu mu kira shi? Ni dai ban ga ayar da ta umarta ba, shi ya sa ba na yi. Ɗan Katolika zai amsa cewa Allah ne ke sanar da su, kuma roƙonsu ta wurin Almasihu yake bi. Masu karatunmu Musulmi za su ji kamar sun san zancen, don ya yi kama da muhawarar tawassuli da waliyyai. Gaskiya ne akan sami wanda ya wuce gona da iri, ya mai da lambar waliyyi a wuya tamkar laya, amma wannan su Fada da kansu suna tsawatawa.

Batun durƙuso kuwa, ki zauna da su. Cikin jan carbin nan ana karanta Addu'ar Ubangiji, wannan taki ce, ki buɗe baki ki yi. In an zo gaisuwar Maryamu ki yi shiru cikin ladabi, bayan kin riga kin sami Mama ita kaɗai da rana kin bayyana mata dalilinki. Abin da ya fi kyandir ɗin nan nauyi shi ne 'ya'ya. Kafin a ba da izinin irin aurenku, dokar Katolika tana sa shi angon ya yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa yaran baftisma a kuma rene su a Katolika, ke kuma a sanar da ke. Ku je wurin Fada da fastonku ku tattauna wannan tun kafin a buga katin biki.