Ta ina zan fara sauraron Lionel Richie?

Malam, ka ce waƙarsa ɗaya tak ka sani, "Hello", kuma kana so ka san sauran fitattun ba tare da ka ɓata lokaci ba.

Shawarata, koma baya tukuna. Kafin ya tsaya da ƙafarsa, yana cikin ƙungiyar Commodores ne a Motown, kamfanin waƙoƙi na Amurka, inda ya rera "Easy" a 1977 da "Three Times a Lady" a 1978. Nan mutane da yawa ke yin kuskure: su rubuta sunansa kawai wajen nema, sai waɗannan su wuce su. Ni "Easy" ta fi kwanta min a rai. Ka saurari yadda fiyano ke shigowa a hankali, muryarsa ba gaggawa, kamar mai magana da kansa.

Daga nan sai "Endless Love" da ya yi da Diana Ross a 1981, sannan "All Night Long" ta 1983 idan rawa kake so. "Say You, Say Me" kuwa har kyautar Oscar ta ci masa a 1986. Shi da Michael Jackson ne suka rubuta "We Are the World" a 1985, don tallafa wa masu fama da yunwa a Habasha.

Ka kula, wasu tarin waƙoƙin na wasan dandamali ne, ba na asali ba.