Injin yana juyawa amma mota ta ƙi tashi: famfon mai ne ko wani abu dabam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2005, wadda ake ce wa EOD. Kwana uku ke nan ta ƙi tashi, alhali batir yana da ƙarfi kuma kik yana juya injin sosai. Kafin hakan ta yi kusan mako biyu tana fizga idan na taka totur a hawa, kuma ina jin wani ƙugi siriri daga baya. Ranar da ta tsaya na sha mai a hannun 'yan bumburutu. An canza fulogi ba ta tashi ba, yanzu bakanike ya ce in sayo famfon mai. Ta yaya zan tabbatar kafin in kashe kuɗi? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamomin da ka lissafa suna karkata ga famfon mai, kuma mai yiwuwa ne bakaniken naka ya yi daidai, sai dai rashin isar mai cikin inji ba shi ne mutuwar famfo ba. Fiyus da ya ƙone, ko rile (ɗan makunnin da ke tura wa famfo wuta) da ya gaji, ko waya da ta yi tsatsa, ko rariyar tace mai da ta toshe, ko ruwa a cikin tanki, kowannensu yana iya hana mota tashi kamar yadda mataccen famfo zai hana ta, kuma mafi yawansu kuɗin gyaransu bai kai rabin kuɗin famfo ba. Saboda haka a bi abin daki-daki, a fara da gwajin da ba ya cin wani kuɗi.

Da farko a tabbatar cewa matsalar ta mai ce. Injin fetur yana buƙatar mai da iska da tartsatsin fulogi da matsi a cikin silinda, kuma kowanne a kan lokacinsa. A cire bututun iska da ke shiga bakin totur, a fesa ɗan maganin wanke kafireto na gwangwani sau ɗaya ko biyu, a mayar da bututun, sannan a buga kik. Idan injin ya kama na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, to wuta tana nan kuma matsi yana nan, abin da ya rasa shi ne mai. Idan ko tari bai yi ba, a bar zancen famfo tukuna, a nemi tartsatsi a kwayil, wanda ke ba fulogi wuta, a kuma sa na'urar sikanin a duba sensar kiranshaf, wadda ke lura da juyawar inji, lambar laifinta kuwa ita ce P0335. Kada ka yarda a tsiyaya fetur daga gora cikin bakin totur yayin da wani ke buga kik, kamar yadda ake yi a garejoji da dama, domin idan injin ya yi atishawa ta baya hannun mai riƙe da gorar wutar za ta fara kamawa.

Akwai abu guda da ya kamata ka duba da idonka kafin a taɓa sufana. A wannan Honda, idan ka murɗa makulli, wata koriyar fitila mai siffar makulli tana kamawa a dashbod na ɗan lokaci sannan ta mutu. Idan ta ci gaba da ƙyaftawa, motar ba ta gane makullinka ba ne, kuma ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, za ta hana mai da gangan duk da cewa kik yana juyawa lafiya. An sha sayen sabon famfo a banza saboda makullin da ya faɗa ruwa, ko wanda aka yanko a kasuwa ba a haɗa shi da ƙwaƙwalwar motar ba. Idan kana da makulli na biyu, ka gwada shi.

Daga nan sai sauraro. Ka kashe rediyo da fanka, ka sa wani ya buɗe murfin tanki ya kara kunnensa, kai kuma ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka buga kik ba. A Honda famfo yana yin ƙugi na kimanin daƙiƙa 2 domin ya cika layi, sannan ya yi shiru. Na ce a Honda ne da gangan, domin tsofaffin Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai lokacin da ake buga kik, kuma wanda bai san haka ba zai yanke wa lafiyayyen famfo hukuncin mutuwa.

Idan ba a ji komai ba, tambayar ita ce ko wuta tana isa famfon. A duba fiyus ɗinsa a akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari, kuma a gwada shi da mita ko fitilar gwaji, domin ido yana yaudara. Idan ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya. Idan sabon ya sake ƙonewa, ko dai waya ta taɓa jikin mota ko kuma famfon ya yi nauyi yana jan wuta fiye da ƙima, kuma naɗa zaren waya a madadin fiyus hanya ce ta ƙona motar gaba ɗaya. Bayan fiyus sai rile, wanda ake iya musanya shi da wani irinsa na ɗan lokaci a ga ko za ta tashi. Idan waɗannan biyu lafiya suke, mai wayarin ya buɗe murfin da ke ƙasan but, kusa da bayan kujerar baya, ya auna wuta a soket ɗin famfo a cikin waɗancan daƙiƙu biyu. Ya kamata ya ga kusan volt 12, kuma ya auna wayar as, wato wadda ke haɗe da jikin mota, ita ma, domin as mai tsatsa yana sa famfo ya yi rauni ko ya tsaya cak. Idan wuta da as sun isa soket lafiya amma famfo shiru, to a nan ne aka samu hujjar cewa ya mutu. Wani lokaci idan aka bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu yayin buga kik sai motar ta tashi, kuma wannan yana nuna cewa burushin cikin famfon ya cinye. Wannan dabarar za ta iya kai ka gareji, amma ba za ta kai ka Kaduna ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne idan famfo yana ƙugi. Sai ka ga an zare tiyo, an murɗa makulli, mai ya zubo, an ce ai famfo lafiya lau. Wannan gwajin ya dace da tsohuwar Peugeot 504 mai kafireto, wadda ɗan matsi kaɗan ya ishe ta, amma mota mai nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, tana buƙatar matsi mai ƙarfi kafin nozul ya fesa mai ya zama hazo. A ma'aunin matsi, irin taka tana neman wajen psi 50, wato kusan bar 3 da rabi. Famfon da ke ba da psi 20 zai cika gora a gabanka, kuma motar ba za ta tashi ba. Babu abin da ke raba gardama sai gejin auna matsin mai da aka ɗaura a layi, kuma garejin da ba shi da wannan geji hasashe yake yi da kuɗinka. A lura da inda allurar ta tsaya lokacin da aka murɗa makulli, sannan a kashe a jira minti biyar zuwa goma. Idan matsin ya zube nan take, ko dai bawul ɗin da ke riƙe mai a cikin famfo ya lalace ko kuma wani nozul yana yoyo. A wannan motar matatar mai da abin daidaita matsi duka suna cikin tanki tare da famfo, don haka idan matsi ya yi ƙasa a duba su da rariyar da ke gindin famfon kafin a zargi famfon kansa.

Batun man 'yan bumburutu ba abin wasa ba ne, tun da a ranar da ka sha shi motar ta tsaya. A tari ɗan man da ke fitowa daga layi a cikin farar kwalba mai tsabta, a ajiye ta minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka zai kwanta a ƙasa ka ga layin da ya raba su, kuma daga ƙasan tanki famfo yake zuƙa. Warin kananzir ko na man dizal shi ma yana fitowa fili ga hancin da ya saba. Ko a gidajen mai hakan yana faruwa, kamar yadda aka gani a watan Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol Najeriya, motoci suka riƙa lalacewa. Idan man ya gurɓata, sai an sauke shi duka an wanke tanki, in ba haka ba sabon famfo ma abin da ya kashe tsohon zai sha.

Idan matsi ya cika kuma man mai kyau ne, saura nozul. A kara bakin dogon sukudireba a jikin nozul, a sa kunne a ƙotarsa yayin buga kik, za a ji ƙas-ƙas idan yana buɗewa. A cire fulogi ɗaya a duba: busasshe yana nufin mai bai shiga ba, jiƙaƙƙe mai warin fetur kuwa yana nufin mai ya shiga har ya yi yawa, wanda ba mamaki ba ne bayan kwana uku ana buga kik. A irin wannan hali a taka totur har ƙasa a buga kik na 'yan daƙiƙu, domin ƙwaƙwalwar motar tana rage mai ko ta yanke shi har silinda ta bushe.

A nawa ganin, fizga a hawa tare da ƙugi daga baya na mako biyu sun fi kama da famfo ko rariyar da ta daɗe tana wahala, gurɓataccen man kuma ya ƙarasa ta. Famfon yana nutse ne a cikin fetur, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa suna yawo da fitilar ƙarewar mai a kunne, suna zuba lita uku ko huɗu. Idan gwaji ya tabbatar famfon ne, a canza shi tare da rariya da matata, a sa sabuwar robar bakin tanki, a cire kan batir kafin a buɗe, kuma a yi aikin a fili nesa da sigari da injin walda. Kafin a rufe murfin but, ka sa a sake ɗaura geji a gabanka ka ga allurar ta kai psi 50 ɗin da idonka, domin akwai sababbin famfuna a kasuwa da ba sa kai wannan matsin tun daga kwali.