Gwajin hali ya ce ni mai son kaɗaici ce, in karɓi aikin koyarwa?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Bara na kammala digiri. Wata ƙawata ta sa na yi wani gwajin hali mai tarin tambayoyi, sai ya ce ni INFP ce, wai mai son kaɗaici, mai taushin zuciya, wadda hayaniya ke gajiyar da ita. Da na karanta bayanin sai da na yi hawaye, kamar wanda ya rubuta ya san ni tun ina ƙarama. Yanzu an ba ni aikin koyar da yara 40 a firamare, ina tsoron halina bai dace ba. Bayan wata biyu na sake gwajin, ya ce ENFP. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ƙanwata, ki karɓi aikin. Na fara da wannan ne don kada ki kai ƙarshen shafin zuciyarki tana ɗar-ɗar.

Haruffan nan huɗu sun samo asali daga gwajin da ake kira MBTI. Wata Ba'amurkiya, Katharine Cook Briggs, da 'yarta Isabel Briggs Myers suka tsara shi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, bisa tunanin likitan ƙwaƙwalwa ɗan Siwizalan, Carl Jung, wanda ya fitar da littafinsa kan nau'o'in hali a 1921. Uwar da 'yar duka ba su yi karatun ilimin halayyar ɗan Adam a matsayin sana'a ba. Gwajin yana raba mutane gida biyu sau huɗu, shi ya sa ake samun nau'i 16.

A wannan rabon ne I ɗinki, wato mai son kaɗaici, ta koma E, wato mai son jama'a. Ki ɗauka an ja layi a bango an ce duk wanda ya wuce shi dogo ne, wanda bai kai ba gajere. Yawancin mutane suna nan daf da layin. Yau ki zo da takalmi mai tsini a ce doguwa, gobe ki zo ba takalmi a ce gajera, alhali ke ɗin ce dai. Haka son jama'a yake: kaɗan ne suke can ƙarshen gefe ɗaya, mafi yawanmu muna tsakiya. Amsa biyu ko uku kawai za su canza, saboda kin yi barci sosai ko kin yi faɗa da wani a ranar, sai harafi ya juya. Don haka sakamakon biyu duk sun faɗi abu guda, wato kina kusa da tsakiya.

Hawayenki kuwa ba na raina shi, domin jin an fahimce ka abu ne mai daɗi ƙwarai. Amma ki ji wannan. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, ya ba kowa takarda ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. Da ya ce su auna yadda bayanin ya dace da su, suka ba shi kusan maki 4.3 cikin 5. Ashe takarda iri ɗaya ya ba su duka, jimlolin ma daga littafin duban taurari ya tsinto su. Idan aka ce wa mutum wani lokaci yana shakkar ko ya yanke hukunci daidai, wa zai ce ba shi ba ne?

Ni ma na taɓa yin gwajin, na kuma ƙaru da abu ɗaya. Akwai tambayar da ta ce bayan taro ƙarfi nake ji ko gajiya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina haka ba. Daga nan na gane dalilin da nake dawowa daga aiki ina faɗa da kowa: ina bukatar minti 30 ni kaɗai kafin in iya magana da daɗin rai. Tambayar ce ta amfane ni, haruffan kuwa har na manta su.

Idan kina son ma'aunin da masu bincike suka fi yarda da shi, ki nemi na Manyan Halaye Biyar: son sabon abu, tsari da riƙon aiki, son cuɗanya, sauƙin kai, da saurin shiga damuwa. Shi maki yake ba ki a kan kowanne, ba ya saka ki a akwati. Shi ma dai abin da kika faɗa masa kawai ya sani, don haka ki tambayi mutum biyu da suka san ki sosai, ki ji ko ganinsu ya zo ɗaya da naki.

Masu MBTI da kansu suna gargaɗin kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikaci. To ina dalilin da ke za ki hana kanki aiki da shi? Malama mai shiru-shiru ita ce takan lura da yaron da ya zauna a bayan aji bai ce uffan ba tun safe. Ki shiga ajin, ki riƙa rubuta lokacin da gajiya ta fi kama ki a kowace rana, ki keɓe wa kanki ɗan hutu daidai nan. Bayan zangon farko ki sake rubuto mini, ina son jin yadda kika kwashe da yaran nan 40.