Ku Tambaya, Mu Amsa: Ina Mazaunin Goge da Shantu a Ilimin Kiɗa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan Tawa, na fara karatun kaɗe-kaɗen duniya. Littafinmu ya raba kayan kiɗa gida huɗu, amma mu kiɗa da busa kawai muka sani. Yaya zan haɗa su?

Amsa: Ɗan'uwa, kowane rabo da abin da yake kallo. Bahaushe hannu da baki yake dubawa, shi ya sa goge, kalangu da gurmi duk kiɗa ne a wurinmu, algaita da kakaki kuwa busa. Tsarin littafinka, wanda masana kiɗa biyu, Hornbostel da Sachs, suka fitar a Jamus a 1914, tambaya ɗaya yake yi: mene ne ke girgiza har amo ya fito?

In fata ce, kamar ta ganga, kotso, tambari ko tanden Buzaye, gida ɗaya ke nan. In tsarkiya ce, ga gidan molo, garaya, kuntigi da biram na bakin tafkin Cadi. In iska ce, sarewa, algaita da kakaki. In kuwa jikin abin ne da kansa ke amo, kamar caki, kuge ko ƙwarya, shi ne na huɗu. Daga baya aka ƙara na biyar, na masu aiki da lantarki.

Inda ɗalibai ke zamewa shi ne goge. Sai su ga ƙwarya an rufe ta da fatar guza, su kai shi gidan ganga. A'a. Izgar doki da aka ja bisa jaki, wato ɗan icen da ke ɗage ta daga kan fata, ita ke girgiza idan bakan da aka shafa wa ƙaro ya goge ta, fata da ƙwarya ƙara amon kawai suke yi. Haka imzad, gogen matan Buzaye da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013. Kalangu ma yana da tsarkiya kewaye da kango, wato icen jikinsa, amma aikinta ɗaure fata: a matse a hammata murya ta hau, a saki ta sauka. Na gidan fata ne.

Shantu ne mai gardama. Doguwar ƙwarya ce mai baki biyu, ana buga ɗaya a cinya, ana toshe ɗayan da tafin hannu. Wasu sun ce jikinsa ke amo, wasu sun ce iskar cikinsa. Mu mun fi karkata ga iska, domin toshe baki da buɗe shi ke sauya muryar. In ka je Yamai, ka leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta Taya, ka gwada da kunnenka.

Tambaya: Malam, ina koyon fiyano a Yamai. Na so in bi muryar wani mai goge, ta ƙi zama a kan maɓallan. Gogensa ne ba daidai ba?

Amsa: Ƴar'uwa, gogensa lafiya lau. Daga murya zuwa takwararta ta sama, wato do zuwa do, fiyano ya yanka tazarar kashi 12 daidai wa daida. Masana na auna ta da ma'aunin sent na Alexander Ellis: duka 1200, kowane maɓalli 100. Yawancin waƙoƙinmu matakai biyar suke takawa a wannan tazara, kuma ba dole su faɗa kan ɗari cif ba. Mai goge ba shi da maɓalli, yatsa yake zamewa yana bin hawa da saukar maganar Hausa, har ƴan amshi su karɓa. Larabawa ma suna da matakin da ke kusa da sent 150, wanda fiyano ba shi da shi sam.

Ki ɗauki muryar a waya, ki nemo sautin da waƙar ke komawa ta huta a kai, ki auna sauran daga nan. Ki kuma rubuta lokacin da kika ɗauka, domin da damina laima na sa fata ta saki murya ta faɗi, da hunturu kuwa ta ɗaure ta hau.