Amsa: Gane kwalbar turaren Lalique ta asali

Malam, ka tambaya ko kwalbar turaren Faransa da aka yi maka tayi a gwanjo ta zamanin René Lalique ce, wato Bafaranshen nan mai ƙera kayan gilashi. Kafin ka biya, kifa ta ka duba gindin. Galibin waɗanda aka ƙera yana raye "R. Lalique" ke rubuce a jikinsu, bayan rasuwarsa a 1945 kamfaninsa ya cire R ɗin. Sai dai 'yan damfara kan ƙara harafin da hannunsu, don haka haska tocila ka ga ko zanensa ya bambanta da sauran. Murfin ma abin dubawa ne: galibi lamba ɗaya ake zanawa a jikinsa da gindin kwalbar. In sun saɓa, murfin aro ne, farashin ya faɗi ƙwarai. Mai tsagaggen baki kuwa, ni dai ko an karya kuɗi ba na ɗauka.