Tsakanin fitowar farko ta mota da feslif (kwaskwarimar da kamfani ke yi mata daga baya), wacce ta fi kyau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam ni da wani abokina kullum muna cikin musu kan motoci, shi ya ce duk motar da aka yi wa feslif ta fi ta farko, ni kuma ina ganin yawanci ɓata ta ake yi. Don Allah a raba mana gardama, kuma in mutum zai saya wacce ya kamata ya ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya kowa a cikinku yana da rabon gaskiyarsa, amma in dai zancen kyan gani ne zalla to ni ina bayanka.

Ka san lokacin da ake zana sabuwar mota, gaba ɗayanta ake zanawa a tare, fitila da bonet da layin da ya bi ta ƙofofi har zuwa but duk tunani ɗaya ne. To bayan shekara 3 ko 4 sai kasuwa ta fara sanyi, abokan hamayya sun fito da sabbi, sai kamfani ya ce a yi mata kwaskwarima. Amma fa yawanci ba za su taɓa ƙofofi da rufi ba, domin injinan da ke buga ƙarfen bodi tsada ne da su ba kaɗan ba, shi yasa za ka ga bamba da fitilu da ragar gaba da rim ne kawai ke canzawa, su ne masu sauƙin kuɗi. Wani lokacin ma ba wanda ya zana ta farkon ba ne ke yin gyaran. Sai ka ga an ɗora sabuwar fuska a kan tsohon jiki, gaba yana maganar bana gefe yana maganar shekara 5 baya.

Dubi Lamborghini Countach. Ta 1974 wadda Marcello Gandini ya zana sumul take, ba tarkace, layi ne kawai miƙaƙƙe daga hanci zuwa baya. Kafin a kai ta 1988 an lafta mata ƙarin robobi a gefe da ramukan iska ko ta ina, kuma har yau masu son motar da yawa ta farkon suke yabo. Jaguar E-Type ma haka, ta 1961 fitilunta a rufe suke cikin gilashi, daga baya dokokin Amurka suka sa aka cire murfin, ta 1968 ta zo da fitilu a buɗe da manyan fitilun baya, kyan ya ragu ƙwarai. Wadda ta fi yi min ciwo kuwa Mercedes E-Class W212 ce, a 2009 ta fito da fitilu huɗu a gaba, abin da ake gane E-Class da shi tun daga nesa tun 1995, a 2013 aka haɗe su suka koma biyu, motar ta yi kyau ba laifi amma ta zama kamar sauran 'yan gidansu.

Sai dai abokinka ma zai iya kawo nasa hujjojin. BMW 7 Series ta 2001, zamanin Chris Bangle, shugaban masu zanen motocin BMW a lokacin, an yi ta surutu kan but ɗinta da ya yi kamar an ɗora shi daga sama, a 2005 suka gyara gaba da baya mutane da yawa suka ce yanzu aka yi mota. Subaru Impreza ta 2000 mai zagayayyun fitilu ba ta daɗe ba aka canza mata fuska saboda ƙorafi. Fiat Multipla ta 1998 kuma a 2004 aka cire mata wannan kumburin da ke ƙasan gilashin gaba, ko da yake ni a ganina nan ma sun kashe abin da ya sa ake tuna motar ne, bayan gyaran ba mai waiwayarta a hanya.

To amma batun saye daban ne, a nan kam abokinka ya fi ka gaskiya. Shekarun farko na kowace mota su ne lokacin da matsaloli ke fitowa, masu saye su yi ta kai ƙorafi, kamfani ya tattara, sai a lokacin feslif a gyara da yawa a ɓoye, abin da ido ba ya gani. Misali mai kyau E-Class W211 ta 2002, ta zo da birki na lantarki da ake kira SBC wanda ya ba su wahala har aka yi ta kiran motocin a dawo da su gyara, da aka yi feslif a 2006 cire shi suka yi gaba ɗaya suka koma birkin da aka saba. Duk wanda ya san motar nan zai ce maka ta bayan 2006 zaka nema, ko da fuskar ta farkon ta fi burge ka. Ba kullum ba ne dai, akwai kamfanin da ke amfani da feslif ya rage ingancin kayan ciki don rage kuɗin ƙira, don haka ka shiga ka taɓa dashbod da kujeru na duka biyun da hannunka, kar ka tsaya kallon hoto.

Wani abu kuma da zan ja kunnenka a kai, akwai masu sayen bamba da fitilun feslif su ɗaura wa tsohuwa su sayar da ita a matsayin sabuwar fitowa. In mutum ya yi don sha'awarsa ba komai, amma in za ka biya kuɗi to ka duba lambar VIN, wato lambar shaidar mota da ake bugawa a jikinta, a motocin da aka yi don kasuwar Amurka harafi ko lamba ta 10 ita ke nuna shekarar motar. Ka kuma tsuguna ka duba inda bamba ya haɗu da mudgad, in ka ga gefe ɗaya ya matse ɗayan yatsa na shiga, ko an huda sabon rami an ɗaure da waya, ko fentin bamban ya ɗan fi na ƙofa haske a rana, to ɗauri ne. Ka kunna fitilun ma ka ga ko dashbod zai nuna alamar matsala, don sabbin fitilun LED ba koyaushe suke jituwa da wayarin tsohuwar ba.