Habu, kafin ka shiga tekun Yof da sassafe

(Saƙon muryar Yaya Sani a zauren zumuncin gida, an rubuta shi saboda waɗanda ba su samu saurare ba)

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina kwananku, ya sanyin Damagaram? Hajiya, barka da asuba, da fatan an tashi lafiya. To, na saurari saƙon Habu daga Dakar. Ya ce abokan karatunsa suna son tafiya da shi hawan igiyar ruwa a bakin tekun Yof ranar Lahadi da sassafe, yana tambaya me ya sa sai da sassafe, kuma me zai tanada. Na ji Hajiya ma ta ce hankalinta bai kwanta ba, kuma tana da gaskiya. Bari in yi bayanin a gaban kowa.

Habu ƙanena, iyon da ka koya a tafki da damina iyo ne, ban raina ba. Amma ruwan tafki a kwance yake, ko na Gidimuni ne, shi kuwa teku ja yake yi. In ka san ba za ka iya iyon mita 200 ba tare da tsayawa ba, kuma ba za ka iya minti 10 a kan ruwa ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba, to kar ka wuce inda ruwa ya kawo maka ƙugu. A nan ɗin ma ake koyon, cikin farin kumfan da igiya ke turowa bayan ta fashe.

Maganar sassafe kuwa, iska ce. Da dare ƙasa tana hucewa da sauri fiye da teku, sai iska ta kwanta, ko ta taso daga tudu ta nufi ruwa, fuskar igiya ta yi sumul kamar sabon daɓe. Rana na ɗagawa ƙasa ta ɗau zafi, iska ta juyo daga teku ta dagula komai. Ga shi Yof arewa take kallo, iskar wannan lokacin kuma daga arewa take busowa, kai tsaye take dukan wurin. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Dakar sai wajen ƙarfe 7 da rabi, ka san agogonsu yana bayan namu da awa 1. Ka yi asuba, ka ci dabino ko ayaba, ka sha ruwa, kar ka cika ciki. Gari na wayewa kana kan yashi, amma ba a shiga da duhu. Ka tambayi mutanen wurin batun cikar ruwa da janyewarsa, sau 2 yake yi a kwana, wajen awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma kullum yana jinkirta da kamar minti 50.

Kaya, kar ka sayi komai tukuna, akwai masu koyarwa a bakin ruwan suna ba da haya. Ka ce a ba ka allon soso mai laushi, tsawon wajen mita 2 da santimita 40. Wancan ɗan gajeren mai tsini na gwanaye ne, ba zai ɗauke ka ba, wahalar banza za ka sha. Ka duba fikafikai 3 na ƙarƙashinsa ba sa girgiɗi, ka duba maɗaurin ƙafa bai tsage ba, a goga maka kaki a inda za ka taka don kar ka zame. Maɗaurin a idon ƙafar baya ake ɗaure shi. In ba ka san wacce ce ta baya ba, wani ya ɗan tura ka ta baya kana tsaye, ƙafar da ka fara jefawa ita ce ta gaba. Sannan rigar roba, mai kaurin milimita 3 a ƙirji, 2 a hannu da ƙafa. Daga Janairu zuwa Afrilu ruwan Dakar yana sauka wajen digiri 20, in ka shiga da gajeren wando kaɗai ba za a jima ba haƙora su fara kaɗawa, hannu ya ƙi tuƙi.

Yauwa, tashi tsaye. Ka gwada a kan yashi sau 20 kafin ka jiƙe. Ka kwanta rub da ciki a tsakiyar allo, hancinsa ya ɗago daga ruwa kamar faɗin yatsu 4. Ka matsa gaba da yawa, hancin ya nutse igiya ta kifa ka. Ka ja baya da yawa, allon ya yi nauyi ta wuce ta bar ka. Kumfa na tahowa ka tuƙa da hannu ɗaya bayan ɗaya, in ka ji ta ɗauke ka ka ƙara tuƙi 2, sannan tafin hannu a shimfiɗe daidai haƙarƙari, ka tura, ƙafafu su shigo ƙarƙashinka lokaci guda. Kar ka riƙe gefen allo, kar ka durƙusa a gwiwa, in jiki ya saba da durƙuson nan da wuya ya bari. Idonka a bakin gaɓa. Mai kallon ƙafarsa faɗuwa yake. In za ka faɗi, faɗi a shimfiɗe, kar ka tsunduma da ka, yashin yana kusa. Ka fito da hannuwa a kan kai, saboda allon yana sama zai dawo. Kuma kar ka taɓa sa shi tsakaninka da igiya, fuska zai doka.

Hajiya, ga abin da ya fi cin mutane. Ruwan da igiya ta kawo gaɓa dole ya koma, sai ya yi wa kansa hanya kamar kwazazzabo. Wurin ya fi duhu, ya yi lumui, igiya ba ta fashewa a nan, kumfa da ciyayi suna tafiya ciki. Baƙo ya ga kamar nan ne lafiya. Habu, in ya ja ka, kar ka saki allo, kar ka yi kokawa da shi. Ka tuƙa gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita, ka ɗaga hannu ɗaya sama a gan ka. Can gaba wajen Malika hukuma ta hana wanka saboda wannan jan, kar kowa ya kai ka. Ngor da Wakam kuma duwatsu ne da bushiyar teku mai ƙaya, ka tsaya kallo kawai a bana.

Shi ya sa nake so ka kula da mutanen. Yof, Ngor, Wakam, garuruwan Lebu ne, masunta tun kaka da kakanni, ƴaƴansu ne a kan allunan nan. A Ngor Khadjou Sambe ta tashi, macen Senegal ta farko da ta mai da abin sana'a. Masu fitowar safe sun san juna, suna tsayawa minti 10 ko fiye suna karanta ruwa tare kafin kowa ya shiga, wannan ya nuna inda ja yake, wancan ya ba wani guntun kakinsa. Ka yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, ka ce nanga def, ka gaya musu yau ka fara. Da zarar sun sani, ido na kanka, ko ka ɓace minti 1 wani zai waiwayo. Ladabin ruwa kuma kamar layin famfo ne. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa, tasa ce, ba a faɗa masa a gaba. In za ka koma ciki ka zagaya, kar ka ratsa hanyar mai tahowa. In ka yi kuskure, ɗaga hannu ka ba da haƙuri nan take, magana ta wuce. Ranar da ka miƙe tsaye ko na daƙiƙa 3 ne, za ka ji mutanen da ba su san sunanka ba suna fito suna tafi.

Awa 1 ta ishe ka ranar farko, kafaɗa za ta gaya maka. In kun fito ka taya ɗaukar alluna, a ɗauraye yashi, kar ka yi saurin tafiya. Ka zauna a sha kofi tuba, za ka ji ƙanshin kimba a ciki, irin tamu ta kasuwar Dole. A zaman nan ake sa lokacin gobe, a nan za ka ji wanda ke da allon aro. Ka adana lambar ƴan kwana-kwana, 18 ce kamar tamu, kuma kana taka yashi ka turo wa Hajiya murya a nan zauren. Allah ya tsare, a gai da abokan naka. Wassalamu alaikum.